Na ƙona dikoda a kan jirgina na tururi, ina na yi kuskure?

Baban Ikram:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Yau dai na ga ta kaina, shi ne na ce bari in kawo kuka gida.

Wata uku da suka wuce na sayi wani tsohon ɗan ƙaramin samfurin kan jirgin ƙasa mai aiki da lantarki a kasuwar gwanjo ta ranar Lahadi nan kusa da mu a Lesta, Ingila. Na kamfanin Tri-ang ne, ma'aunin OO (1 cikin 76), ɗan baƙin nan mai ƙafa shida da Turawa ke kira Jinty, da lamba 47606 a jikinsa. Da na gwada shi da tsohuwar kwantirolar DC ya yi gudu lafiya lau, sai ɗan gurnani irin na tsufa. To layina na mai da shi DCC tun bara, wato tsarin da ake aika wa kowane jirgi umarni ta cikin dogo, don haka na sayo dikoda, 'yar na'urar da ke karɓar umarnin a cikin jirgi, mai wayoyi a sake, tunda jirgin ba shi da soket. Na bi launi yadda takarda ta ce: ja da baƙi zuwa ƙafafu, ruwan lemu da ruwan toka zuwa moto. Na liƙa da dalma, na ɗora a layi, na kunna. Ko motsi bai yi ba. Sai wani ɗan ƙara "tas", sai hayaƙi siriri, sai wari ya cika ɗaki. Ikram har da tafi, wai jirgin Abba ya fara hayaƙi kamar na gaske.

Dikodar ce ta zo da matsala, ko ni ne?

Injiniya Kaduna:
Wa alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri. Tambaya ɗaya kafin komai: ka sa mita tsakanin kowane buroshi da firam ɗin jirgin kafin ka ba shi wuta?

Baban Ikram:
Gaskiya ban sa ba. Na ga wayoyi huɗu ne kawai, na ce me zai gagara.

Injiniya Kaduna:
To ka bar zargin dikoda, Malam. Kai ne, amma kana da abokan laifi da yawa, ni ma ina cikinsu shekarun baya.

Moton da ke cikin jirginka shi ne X04. Ɗauki tocila ka leƙa samansa. Za ka ga buroshi biyu, da wani sifirin na waya mai kama da baka da ke matse su a jikin kwamiteta, zoben tagullar nan da ke juyawa. Hannu ɗaya na sifirin yana da 'yar riga ta roba, ɗayan kuwa tsirara yake. Ba mantuwa ba ce, haka aka ƙera shi. Ƙafafun gefe ɗaya ne kaɗai aka raba da sandar da ke haɗa ƙafafun dama da na hagu, su ne wani siririn ƙarfe ke gogawa ya ɗebo wuta ya kai wa buroshi mai riga. Na ɗaya gefen wutarsu ta wannan sandar take bi, ta shiga firam, ta hau sifirin tsiraran, ta isa buroshi na biyu. Wato firam ɗin gaba ɗayansa waya ce. A zamanin DC wannan dabara ce mai kyau, an huta da waya ɗaya.

Dikoda kuwa aikinta ta zauna tsakanin dogo da moto kamar dillali, kada su ga juna. Da ka liƙa wayar moto a kan buroshin da har yanzu yake haɗe da firam, wutar dogo ta shigo mata ta ƙofar fita. Ƙananan taransistocin da ke tuƙa moton ba sa jure wannan ko na ƙiftawar ido.

Mai Rediyo Sabongari:
Warin nan na san shi, Baban Ikram. In ka shaƙe shi sau ɗaya, ko a mafarki ka ji sai ka farka. Amma akwai laifi na biyu da Injiniya ya yi maka kara bai faɗa ba. Me ya kai ka babban layi kai tsaye? Ai don irin wannan ranar aka yi layin saiti. Wutarsa kaɗan ce, an taƙaita ta da gangan. Da a can ka fara, ka ce kwantirola ta karanto CV1 (CV gurbin saiti ne a cikin dikoda, na ɗaya shi ke riƙe lambarta), da ta ƙi karantawa ko ta nuna kuskure, kuma da wuya dikodar ta mutu. Sabuwar dikoda lambarta 3 take zuwa da ita daga kamfani. In ka ga 3 ta fito, sannan ka numfasa.

Ɗan Autan Zaure:
Yayyena ku yi haƙuri da ni, sabon shiga ne. Me zai hana a ɗora jirgin haka nan ba dikoda? Ba wuta ce a dogon ba?

Maman Yusra:
Auta, wuta suna ta tara. A DC kai ne kake ƙara wa dogon wuta jirgi ya ƙara gudu, ka juya ta ya koma baya, iyakarta wajen bolt 12. Duk jirgin da ke kan layin tare za su tashi. A DCC kuwa dogon kullum cike yake, kamar bolt 14 zuwa 16 a wannan ma'aunin, kuma wutar tana juya fuska sau dubbai a daƙiƙa ɗaya. A cikin juyin ne saƙo yake: gajeren bugu mai tsawon mikrosakan 58 a kowane rabi yana nufin 1, dogon bugu mai 100 ko fiye yana nufin 0. Dikoda tana sauraron waɗannan, in ta ji lambarta ta amsa, in ba tata ba ce ta yi shiru. Shi ya sa jirage biyar za su zauna a layi ɗaya kowa da harkarsa.

In ka ɗora moton DC tsirararsa a kan wannan, ba gaba ba baya, sai ya tsaya yana kuka yana zafi. Wasu kwantirololin suna da lamba 0 da ke iya jan irin wannan jirgi, amma ni ba zan bar nawa ya zauna a kai ba. Kamfanin Lenz na Jamus ne ya faro tsarin a shekarun 1980, ƙungiyar masu ƙananan jirage ta Amurka, NMRA, ta mai da shi ƙa'ida a shekarun 1990, shi ya sa dikodar wani kamfani ke jin maganar kwantirolar wani.

Ɗan Autan Zaure:
Na gode Anti. Yanzu na gane.

Abu Hafsat:
Ni fa in faɗi gaskiya ko da za a ji haushina, wannan wahalar banza ce. Jirgin ya haura shekara hamsin. Kuɗin dikoda biyu ya fi kuɗin da aka saye shi. Bakin ƙafafunsa kauri ne da su, a siririn dogo na zamani sai su riƙa dukan katako. Akwai sabon Jinty a kasuwa da soket a ciki, ka cire 'yar toshiyar, ka soka dikoda, minti biyar an gama. Ko ta juye ka soka mai fil takwas ba abin da zai ƙone, baya kawai zai yi kuma fitila ta ƙi kamawa. Ka sa wannan a kabad ya zama ado, kada garin neman ƙiba a samo rama.

Baban Ikram:
Maganarka tana kan hanya ta fuskar kuɗi, Abu Hafsat. Amma layina kod 100 ne, wato dogo mai ɗan tsayi, ƙafafun suna bi ba matsala. Kuma ni sha'awata a gyaran take. Sabon da kake faɗa in ya lalace ban san ta inda zan fara ba. Wannan kuwa noti ɗaya ka kwance, komai na gabanka.

Baba Ɗan Fayaman:
Salamu alaikum yara. Ina ta karatu ban sa baki ba, don ni harkar lambobin nan taku ta fi ƙarfin idona. Amma Abu Hafsat, da tsohuwar zuma ake magani. Bar shi ya gyara.

Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, fayaman ne a reluwe, a Zariya muka tashi. Kan jirgi na gaske ma ba a yar da shi don ya tsufa, Loko ake kai shi a wanke tukunya a sake masa abin da ya ci. Ina tuna manyan nan masu sunayen koguna a gefensu, masu ƙafafun ja takwas, da kwal ɗin Inugu suke aiki. In ya dawo gida ba ka ganin komai a fuskarsa sai ido da haƙori. Inna takan ajiye masa ruwan wanka daban, don bokitin ba ya sake komawa na kowa.

Abin da nake so in tambaya, an ce yanzu ana sa wa 'yan ƙananan nan murya. In za ku sa, ku sa daidai. Jirgi mai silinda biyu sau huɗu yake huci a kowane juyin ƙafa. Na ga wani bidiyo da jikana ya nuna mini, ƙafa na tafiya a hankali murya na tsere, na ce kashe, wannan ba jirgi ba ne, injin niƙa ne.

Injiniya Kaduna:
Allah ya jiƙan Baba, ya ƙara maka lafiya. Kunnenka bai yi ƙarya ba. Jinty silinda biyu ne a ciki tsakanin firam, don haka huɗu ne. Masu silinda uku irin Flying Scotsman shida suke yi. Dikodar sauti tana da wurin daidaita wannan, a na kamfanin ESU CV57 da CV58 ne, a na Zimo CV267. Sai dai ban ba Baban Ikram shawarar sauti a wannan jirgin ba. Gurnanin X04 kaɗai zai danne lasifikar, ga rashin wuri.

Baban Ikram, ga yadda za ka yi, kuma kada ka tsallake ko ɗaya.

Samo 'yar wayar lantarki siririya, ka zare rigarta kamar santimita ɗaya, ka zura wa hannun sifirin da ke tsirara. Tsohuwar rigar ɗaya hannun ma ka duba ta, in ta bushe ta tsage ka sake ta. Kada ka kwance notin da ke riƙe da maganaɗisu don ka ji daɗin aiki. Irin wannan tsohon maganaɗisun in aka raba shi da ƙarafansa ƙarfinsa raguwa yake, moton ya koma shan wuta da yawa yana zafi.

Sai mita. Sa ta a inda take ƙara in waya ta haɗu. Tsinke ɗaya a buroshi, ɗaya a firam. Shiru ake so. Sake da ɗaya buroshin. Sake da ƙafafun dama, sake da na hagu. Juya amecha, wato ɓangaren moton da ke juyawa, da yatsa kana aunawa, don wani haɗin sai an motsa yake bayyana. In ta yi ko ɗan "ƙit", tsaya ka nemo.

Bayan nan ruwan lemu a buroshi ɗaya, ruwan toka a ɗayan. Wajen liƙawa ka yi sauri, don kabon ɗin kansa da dalma aka manna shi a jikin tagullar, in zafi ya yi yawa faɗowa zai yi. Ni fitar da buroshin nake yi, in kama tsakiyarsa da filaya ta shanye zafin. Ja na ƙafafun dama ne in jirgi na kallon gaba, baƙi na hagu. Ɗaya zai tafi wurin ƙarfen da ke gogar ƙafa, ɗaya ka ɗaure shi a firam da noti. Fari, rawaya, shuɗi da kore tunda ba ka da fitila, ka rufe bakin kowace daban. Shuɗin nan musamman, wuta ce a cikinsa kullum, in ya taɓa firam an koma gidan jiya.

Mai Rediyo Sabongari:
Ka manta kwandansa, Injiniya. A cire ta.

Maman Yusra:
A'a Malam, ba kullum ba. An sa ta ne don ta kashe tartsatsin buroshi kada ya shiga rediyo da talabijin na maƙwabta. Akwai masu ƙera dikoda da ke cewa a bar ta, akwai masu cewa a cire. Ni takardar dikodar nake bi. Jiragena uku da ita suke aiki ban ga komai ba.

Mai Rediyo Sabongari:
Hajiya, shekara talatin ina cire kwandansa ina mayarwa. Dikoda tana yanke wuta na ɗan lokaci ta saurari wutar da moton ke mayarwa, da ita take gane gudunsa. Kwandansa tana ɓata mata wannan jin, sai ka ga jirgi na tafiya yana tuntuɓe kamar mai jin barci.

Maman Yusra:
In babba ce, e. Ƙarama ba lallai ba. Kuma naka "a cire" ɗin kamar doka ka faɗe shi.

Abu Hafsat:
Kun ga abin da nake faɗa. Ko taya bai juya ba an fara rigima.

Baban Ikram:
Ku dakata in duba. To, ga abin da na gani. Kwandansar 'yar faifai ce mai ruwan ƙasa. Ƙafarta ɗaya tana kan wayar buroshi, ɗaya kuwa an ɗaure ta a firam.

Maman Yusra:
To in haka ne na sallama, Mai Rediyo. Nawa tsakanin bakin moto biyu suke. Wannan tana haɗa moto da firam, firam kuwa dogo ne. Cire ta.

Mai Rediyo Sabongari:
A rubuta ranar yau, Hajiya ta sallama.

Maman Yusra:
A wannan jirgin kaɗai na ce.

Injiniya Kaduna:
Saura abu ɗaya kafin ka sayi wata dikodar, ka san yawan wutar da moton ke sha in ya cije. Wasu sukan sa mita a layin DC su danne jirgin har ƙafafu su tsaya na daƙiƙa ɗaya su karanta. Ni ba na so a tsohon moto. Auna juriyar amecha tsakanin buroshin biyu, ka juya ta kaɗan-kaɗan ka ɗauki mafi ƙanƙanta, ka raba ƙarfin wutar da ita. Ka sayi dikodar da ta fi abin da ya fito. Kuma ka sa tsinken sakace ka kwashe baƙin da ya cushe a tsagogin kwamiteta guda uku, ka goge da sifirit. Wannan baƙin kabon ne da mai, wuta yake ɗauka. Man keken ɗinki ɗigo ɗaya a kowane gefen sandar ya isa, kada ya kai ga buroshi.

Ɗan Autan Zaure:
Ni ina Kano, kwantirolar DCC ta fi ƙarfin aljihuna. Akwai hanya?

Injiniya Kaduna:
Akwai. Nemi DCC-EX, kyauta ce, a kan Arduino Mega take aiki da allon tuƙa moto a samansa. Ka haɗa da manhajar JMRI a kwamfuta, ita ma kyauta, za ta nuna maka CV da sunayensu maimakon lambobi. Abu biyu ka kiyaye a nan gida. Kada ka yi saiti a daidai lokacin da wuta ke rawa ko ana canjawa zuwa janareta. Sannan da hunturu, in iska ta bushe har riga na tartsatsi, ka taɓa ƙarfe kafin ka taɓa dikoda, kuma ka riƙe ta a gefe. Ƙurar kuwa sai dai ka riƙa rufe layin da zani, don DCC ba ta haƙuri da dattin dogo kamar DC.

Baba Ɗan Fayaman:
Auta, in ka gina naka ka yi mana tashar Zariya. Amma ka sani dogonmu na da ƙafa uku da rabi ne, bai kai na Ingila faɗi ba.

Maman Yusra:
Baba, akwai dabarar wannan. Dogon OO milimita 16.5 ne. In aka gina jirgin a ma'aunin 1 cikin 64 maimakon 1 cikin 76, sai dogon ya zo kusan daidai da milimita 1,067 na gida. Mutanen Niyu Zilan haka suke yi, don faɗin dogonsu ɗaya da tsohon namu. Sai dai gangar jirgin da hannu za a ƙera.

Baban Ikram:
Jama'a barkanmu da Asabar. Ga rahoto.

Na sa wa sifirin riga. Mita ta yi shiru a buroshin farko, a na biyu kuwa sai ga ƙara. Na kusa awa ɗaya ina nema. Ashe wani ɗan guntun dalma ne daga aikina na farko, bai kai ƙwayar gero ba, ya maƙale tsakanin tagullar buroshi da ƙarfen moto. Da ban auna ba da yau ma hayaƙi zan kawo muku. Amecha ta nuna om 14, na raba 15 da ita ya ba ni amfiya ɗaya da 'yan kai, sai na sayi mai ɗaukar ɗaya da rabi. Na kwantar da ita a ɗakin direba da ɗan tef mai manne biyu.

A layin saiti CV1 ta ba ni 3. Wallahi sai da na yi hamdala da ƙarfi. A babban layi ya tafi. Amma matsala biyu: in na ce gaba baya yake yi, kuma a matakin gudu na ɗaya da na biyu ba ya motsi, a na biyar sai ya zabura kamar an tsikare shi.

Mai Rediyo Sabongari:
Barka! Ta farkon ba matsala ba ce. Ko ka ƙara 1 a kan abin da ke CV29, ko ka musanya ruwan lemu da ruwan toka. Ni musanyawa nake yi, don ranar da ka mayar da dikodar saitin kamfani gyaran lamba zai goge, na waya kuwa yana nan.

Injiniya Kaduna:
Zaburar kuwa halin moto mai sanda uku ne. Ɗaga CV2 kaɗan-kaɗan har ya fara rarrafe a mataki na ɗaya. Sa wani abu kamar 10 a CV3 da CV4 don tashi da tsayawa su yi laushi. Ka rage CV5 sosai, Jinty na gaske jirgin jera taragu ne a tasha, an gina 422 bisa tsarin kamfanin jirgin ƙasa na LMS tsakanin 1924 da 1931, ba don tsere aka yi su ba. In har yanzu yana tuntuɓe, duba takardarka ka rage ƙarfin sauraron moton nan da Mai Rediyo ya faɗa, ko ka kashe shi ka gani.

Lamba kuma kada ka bar shi a 3, duk sabuwar dikoda da ka kawo za su tashi tare. 47606 ta yi tsawo, ɗauki 7606. In kwantirolarka ba ta lissafa da kanta: CV17 ka sa 221, CV18 ka sa 182, CV29 ka sa 34. Na ce 34 ba 38 ba don a kashe masa aiki da DC, in ba haka ba wata rana dogo ya yi datti ya ɗauka DC ce, ya kwasa da gudu har ƙasa.

Baban Ikram:
Na musanya wayoyin, na sa lambobin. Yanzu rarrafe yake har kana iya ƙirga sandunan ƙafa. Sai dai a mararraba ɗaya mai tsakiyar roba yakan tsaya cak sai na ɗan taɓa shi.

Abu Hafsat:
Ban faɗa ba?

Maman Yusra:
Ka faɗa, mun ji. Baban Ikram, goge ƙafafun da bayan da ƙarfen ke gogawa tukuna. In bai daina ba akwai 'yar ma'ajiyar wuta da ake haɗa wa dikoda, tana riƙe shi na ɗan lokaci ya haye. Duba ko taka tana da wurin liƙa ta. Akwatin kwal na baya zai ɗauke ta.

Baba Ɗan Fayaman:
A turo mini bidiyo yana jan taragu, a hankali. Jikana zai buɗe mini.

Mai Rediyo Sabongari:
Ni kuma ƙonanniyar nake so, kada ka yar. In taransista ɗaya ce ta tafi ina iya ɗaga ta, ko ba ta tuƙa moto ba ta kunna fitilar tarago. In an samu mai zuwa Kano a ba shi.

Baban Ikram:
Baba, bidiyo na nan tafe bayan la'asar in sha Allah. Mai Rediyo, sai dai ka yi magana da Ikram. Ta sa ta a tarago na biyu tun jiya, wai kaya ce za a kai Zariya.